Ƙanshin da Dutse Ya Haɗiye

Da hantsi injin da ake kira Huhun Birni ya ja numfashi. Manyan fankoki suka zuƙo iskar unguwanni, suka tura ta cikin tubalan ziyolayit, wani farin dutse mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kowace ƙofa takan kama hayaƙi da guba ta riƙe. Tun da aka kafa injin a Sabuwar Kwatarkwashi asma ta ɓace, asibitin masu tari ya koma makaranta. Sai dai dutsen bai san bambancin guba da ƙanshi ba. Shekara ashirin ke nan garin ba wari, ba ƙanshi.

Lantana ce mai gasa tubalan da suka cika, domin zafi kan sa su amayar da abin da suka sha. Ran nan aka kawo mata wani tsohon tubali da aka manta da shi a unguwar da aka haife ta. Tana cikin gashi sai igiyar takunkumin fuskarta ta tsinke.

Ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari ne ya fara fitowa. Sai daddawa, sai man shanu a wuta. Daga nan sai humrar da mahaifiyarta ke shafawa ran Juma'a, ita da ta rasu shekara sha takwas da suka wuce. Lantana ta zauna dirshan. Ji take kamar in ta waiga za ta ga Inna tana tankaɗe.

Ta ɓoye tubalin. Kullum sai ta ɓalli kaɗan ta gasa, ta lumshe ido. Kafin wata biyu tari ya kama ta.

Shugabanta, Injiniya Tanimu, ya ritsa ta a bakin tanda.

"Lantana, kin san dalma da hayaƙin mota tare suke fitowa da ƙanshin. Likita ya ce huhunki ya fara tabo."

"Na sani, Yallaɓai. Ɗan guntu ya rage."

"Ba ni."

Ta miƙa masa. Ya nufi ramin da ake binne guba, sai idonsa ya faɗa kan sunan unguwar da ke jikin guntun. Ya tsaya cak.

"Gidanku na kusa da mai tuyar ƙosai ta bakin masallaci?"

"Katanga ɗaya ta raba mu."

"Yayata ce," ya ce a hankali. "Ita ta raine ni."

Ya daɗe yana juya guntun a tafin hannunsa. Sannan ya mayar da shi cikin tanda, ya kwance takunkuminsa.

"Ƙara wuta, Lantana."