Mesar da Aka Ɗora wa Kisan Tsanko

Ƙarfe tara saura na safiyar Talata aka buga waya ofishin 'yan sanda, aka ce maciji ya kashe mutum a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa. Sufeto Anastas Gerov ya ture gahawarsa gefe, ya kira Saje Minchev, suka fita. Sati na farko ne na watan Maris, dusar ƙanƙara ta sake zuba bayan kowa ya ɗauka ta tafi.

Matar gidan ce ta buɗe musu, Nedyalka Beleva, dattijuwa mai shekara sittin da huɗu. Ta nuna ƙofar ɗakin baya da haɓa, ta tsaya can nesa. Ta ce mijinta Tsanko ya shiga wurin macizansa tun jiya da la'asar, ta ɗauka a can ya kwana kamar yadda ya saba. Da safe ta leƙa daga bakin ƙofa, ta gan shi a kujera da mesa nannaɗe a wuyansa.

"Kin shiga, Inna?"

"Ni? Shekara ashirin ke nan ƙafata ba ta taka ɗakin nan ba. Ko hotonsu ba na iya kallo."

Akwatunan gilashi shida ne jere a jikin bango, kowanne da reshen itace, da kwanon ruwa, da ramin ɓuya, da fitilar ɗumi a gefe guda. Mesa ce a cikin biyar, irin ta Ostireliya mai zane kamar na darduma. Na shidan a buɗe yake, babu kowa. A marfin kowane akwati an ɗaura zaren fari da ja na shigowar Maris, irin wanda ake ɗaura wa yara da dabbobi don su ga bazara lafiya.

Tsanko na zaune a kujera cikin kwat ɗin sanyi, kansa ya karkace, kwalbar barasa a gindinsa. Babu maciji a wuyansa.

Saje Minchev ne ya duƙa ya haska ƙarƙashin kujerar, ya ja da baya har ya bugi bango. Macijin na can a kanannaɗe jikin wani abu. Sufeto ya sa sandar ƙugiya da ya gani a rataye, ya jawo abin a hankali. Robar ruwan zafi ce, an naɗe ta da tsohuwar rigar ulu. Ya taɓa ta da bayan hannu. Da sauran ɗuminta.

Da aka tambayi Nedyalka, ta ce ta mijinta ce, yana ciwon baya. Likitan gawa kuwa, tun kafin a ɗauki mamacin, ya riga ya faɗa masa cewa mutumin ya fi awa goma sha huɗu da cikawa.

Kafin azahar labari ya karaɗe gari. Maƙwabta suka taru a bakin hukumar gari, shugaban ofishin 'yan sanda ya kira Sufeto ya ce masa an sa hannu a takarda: ranar Juma'a da tsakar rana za a yi wa macijin allurar mutuwa, a rufe fayil, mutane su samu barci. Idan yana da wata magana, ya kawo ta kafin lokacin.

Likitar dabbobi ta gundumar, Dakta Ganka Pashova, ita aka ɗora wa kula da macizan a gidan har zuwa ranar, don babu wani wuri mai ɗumi da za a kai su. Ranar Laraba Sufeto ya same ta a ɗakin. Ta ɗaga macijin da hannu biyu, ɗaya kusa da ƙirji, ɗaya wajen wutsiya, ta bar shi yana ratsa yatsunta.

"Ga mai laifin naku. A jikin akwatin an rubuta Gosho. Namiji ne, bai cika mita biyu ba. Yallaɓai, wannan ko kyanwa ce ta yi masa tsawa sai ya ɓuya."

Ta bayyana masa cewa irin wannan mesa sai ta kama abu da haƙori kafin ta naɗe shi, kuma ba ta farautar abin da ya fi bakinta. Ta ce jikinsu ba ya yin zafi da kansa, shi ya sa ake ɗumama gefe ɗaya na akwati a bar ɗayan da sanyi, su riƙa zaɓa. Wanda ya kwana a kan daɓen siminti a irin wannan yanayi, ciwon huhu zai kama shi, ya yi ta numfashi da baki a buɗe har ya mutu.

Sannan ta kai shi gaban akwati na ƙarshe. Wata ƙatuwar mesa ce, kaurinta kamar dantsen ƙato, ta tattara jikinta wuri guda tana ɗan karkarwa.

"Sunanta Sarauniya. Kwanci take yi, ƙwai na ƙarƙashinta. Da ni ce zan ɗora wa maciji kisa, wannan zan ɗauko, kowa ya ganta zai yarda. Amma in ka ɗaga ta daga kan ƙwai ka kashe su."

Da yamma rahoton asibiti ya iso. An shaƙe Tsanko da abu mai laushi mai kauri. Babu shaidar haƙori ko ɗaya a jikinsa. Likitan ya ƙi cewa maciji ne, ya kuma ƙi cewa ba shi ba ne. Shugaban ofis ya karanta, ya ce ranar Juma'a na nan yadda take.

Maƙwabcin da ke haɗa katanga da su, Spas Kutsarov, tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma sau uku yana rubuta ƙarar macizan. Ya tarbi 'yan sandan da fara'a, ya ce shi da marigayin shekara guda ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Na sha faɗa masa, mai kiwon igiya, wata rana igiyar nan za ta ɗaure ka. Ya ce in je in yi kiwon basir ɗina."

"Ranar Litinin ina kake, Baba Spas?"

"Ina ɗakina, ni da rediyo."

Saje Minchev ya buɗe littafinsa, ya karanta masa cewa mai raba wasiƙu ya gan shi a tsakar gidan Tsanko da ƙarfe biyu, yana dukan taga da sanda. Tsohon ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon cikinta.

Sufeto bai matsa masa ba. Ya zauna a kan kututturen itace, ya jira.

Can Spas ya fara magana. Ya ce kuka ya ji ta kan katanga, ya tsallaka. Ya tarar Tsanko ya kulle kansa a ɗakin macizan, ya wangale taga iska na shiga, ya zare wayoyin wuta yana lilo da su yana dariya. Nedyalka na durƙushe a bayan ƙofa tana roƙonsa ya rufe tagar. Da Spas ya yi magana, Tsanko ya jefe shi da kwano. Shi kuwa ya koma gida, ya ƙara muryar rediyo, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru. Ya ce ya ɓoye maganar ne don matar ta sha wuya isasshiya.

Sufeto ya tambaye shi ko Tsanko na ɗaura zaren Maris.

"Wa, shi? Cewa yake shirmen mata ne. Ko a hannun uwarsa ya gani sai ya yi tsaki."

Ranar Alhamis Sufeto ya koma gidan shi kaɗai. An rufe madubai da ƙyalle bisa al'adar makoki, dafaffiyar alkamar mamaci na kan tebur. Nedyalka ta dafa masa gahawa. Da ta miƙo kofin, hannun rigarta ya zame, ya ga zaren fari da ja a wuyan hannunta, irin murɗin da ke jikin akwatunan, irin ƙullin. Sama da zaren akwai tsofaffin tabo, ƙananan ɗigo a jere kamar an lanƙwasa layin allura.

"Me ya same ki a nan, Inna?"

"Ƙayar fure."

"Wa ya ɗaura zare a akwatunan?"

"Shi ya karɓa a wurina."

"Wa ya rufe tagar ranar Litinin?"

Ta ce ba ta san an buɗe wata taga ba, Spas ya tsufa, yana ganin abin da babu. Ta tura masa kwanon alkama, ta ce ya ci don mamaci. Ya ci cokali ɗaya. Da zai fita ya faɗa mata cewa gobe da safe za a zo a tafi da Gosho, kuma ba zai dawo ba. Ta ce Allah ya raka taki gona.

A mota ya daɗe bai tayar ba. Ya san abin da ya faru, sai dai ba shi da abin da zai ajiye gaban alƙali. Robar ruwa da zare da tabo, lauya ɗaya ya isa ya watsar da su. In kuma tsakar rana ta yi gobe, za a kashe dabbar da ba ta yi komai ba, a binne maganar tare da ita.

Safiyar Juma'a suka zo da buɗaɗɗiyar mota. Dakta Pashova ta ƙi yarda da shirin ajiye macijin cikin sanyi tun farko, sai da Sufeto ya yi mata alkawarin minti uku kacal, tana riƙe da agogo. Saje Minchev ya fito da macijin a cikin kwandon ƙarfe, babu ko tsumma, ya dire shi kan ƙanƙarar tsakar gida, ya shiga lalube aljihu wai makullin mota ya ɓace.

Nedyalka na tsaye a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Macijin ya ɗaga kai, ya bi gefen kwandon, ya koma ya dunƙule.

Minti ɗaya ya wuce. Saje ya ce ko a cikin gida ya bar makullin, ya juya kamar zai koma.

"Ɗauke shi daga ƙasa," in ji ta, a hankali.

"Inna, ai nan da awa uku ma ya mutu. Sanyi me zai ƙara masa?"

Ta sauko daga matakala ba takalmi. Ta buɗe kwandon, ta shafi bayan macijin da yatsa ɗaya don ya san da zuwanta, ta zura hannu ƙarƙashinsa, ta ɗago shi gaba ɗaya ba tare da ta matse ko'ina ba. Ta buɗe rigar sanyinta ta sa shi a ƙirji, ta rufe. Kansa ya leƙo ta wuyan rigar, ya kwanta a kafaɗarta.

Sufeto ya buɗe mata ƙofar kicin, suka shiga.

A zaune ta faɗi komai, ba kuka. Ta ce Tsanko ya sayo mesa ta farko ne don ya riƙa tsorata ta. Bayan wata uku ya gaji da mesar, ya bar ta cikin ƙazanta da saɓa manne a idonta. Ita ce ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta ɓare mata. Tun daga nan ita ke narkar da ɓeraye daga firiza, ita ke wanke akwatuna, ita ke duba ma'aunin zafi safe da yamma. Shi kuwa ya rataya su a wuya gaban abokai a ɗauki hoto, ya kuma hana ta faɗa wa kowa, don kada a ce mace ta fi shi zuciya.

Da ya lura duka ya daina sa ta kuka, sai ya gano inda ke mata ciwo. In ta ɓata masa rai, ya kulle ɗakin ya zare wuta. Shekara uku da suka wuce macizai biyu suka mutu a hannunta da ciwon huhu. Ranar Litinin laifinta shi ne ta je gaida ƙanwarta ba ta tambaye shi ba.

"Awa biyu taga na buɗe a kan ƙwan nan. Da na ji ya fara minshari na ɗauko makullin da na ɓoye. Na rufe tagar tukuna, na mayar da wuta. Sannan na tsaya ina kallonsa, tawul ɗin goge gilashi na hannuna."

"Me ya sa Gosho?"

"Sarauniya ba ta tasowa. Sauran sun ci abinci ranar Lahadi, in an taɓa su amai za su yi. Shi kaɗai ne cikinsa babu komai." Ta shafa rigarta daga waje. "Na ɗauka za a ce tsautsayi ne, a bar shi. Ban san ana yanke wa dabba hukunci ba, ɗana. Da asuba na kasa haƙuri, na sake masa ruwan zafi."

Sufeto ya kira shugaban ofis a waya, ya yi magana gajera, ya dawo ya ce mata an soke takardar. Sai a lokacin ta rufe ido.

Saje ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ta shiga ɗakin baya da kanta, ta mayar da Gosho gefen ɗumi na akwatinsa, ta ja gilashin, ta gwada marfin sau biyu. Ta faɗa wa Dakta Pashova cewa wajen ƙwan kada ya gaza digiri talatin da ɗaya, kada a juya ko ɗaya, kuma Sarauniya ba za ta ci komai ba sai sun fashe, kada a takura mata. Likitar ta ce ita za ta tafi da su duka gidanta.

Spas na tsaye a bakin katanga da hula a hannu lokacin da aka fito da ita. Bai ɗago kai ba.

Sun kusa mararrabar tasha ta tambayi Sufeto shekara nawa za a ba ta. Ya ce wannan na alƙali ne. Ta kalli gidajen da ke wucewa.

"Irinsu suna kai shekara ashirin da biyar, in an kula da su. Gosho shekararsa tara." Ta gyara zama. "Shi zai iya jira. Ni ce ban sani ba."