Wuƙar Da Ta Koma Ja

Da hantsi aka kira Sufeto Lawal zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar Makera. A kan gado ya tarar da Filibus, tsohon direban tirela mai fama da shanyewar ɓarin jiki. Tun asuba yake amai, aman kuma shuɗi kamar an jiƙa bula.

Likita Tracy ta ja Lawal gefe.

"Sinadarin jan ƙarfe ne ya cika masa jini. Wani ne ke ɗura masa."

"Yana kisa?"

"Yana cin hanta, yana lalata jini. Kuma masu bincike sun lura cewa idan ya yi yawa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ciwon ya riga ya jigata, yakan toshe inda suke samun ƙarfi, su ƙarasa mutuwa. Ba zan rantse ya kai can ba, amma wannan bawan Allah ba shi da rarar da zai yi asara."

Kafin Lawal ya iso, yayar Filibus, Martha, ta riga ta yanke hukunci, ta sa an kulle matarsa Faith a caji ofis. Ta kawo shaida biyu: buhun shuɗin gishirin jan ƙarfe da Faith ke zuba wa tafkin kifinta don kashe gansakuka, da wata wuƙar maƙera wadda bakinta ya koma ja.

"Ta gaji da jinya ne, Yallaɓai! Ga maganin, ga abin da take damawa da shi."

Lawal mutum ne da ba ya son a tauna masa abinci a ba shi. Ya nuna wa likita wuƙar, ta ce haka baƙin ƙarfe ke yi idan ya daɗe cikin ruwan wannan gishiri: jan ƙarfen ne ke hawa kansa. Daga nan ya wuce wurin Faith. Ya same ta idanu sun kumbura, amma ba ta tambayi makomarta ba.

"Oga, an juya shi? Bayansa na yin gyambo in ba a juya shi ba."

"Wa ke ba shi abinci?"

"Ni. Kwano ɗaya, cokali ɗaya. In ban ci ba, ba ya buɗe baki."

"Wuƙar fa?"

"Tawa ce. Friday mai tausa ke ara, wai zai yanki man kaɗe. Kullum haka take dawowa, in goge da toka."

"Kina ɗakin in yana tausar?"

"A'a. Ya ce aikin maza ne."

Lawal ya sa aka gwada jininta, ya fito tas. Ya tambayi maƙwabta, suka ce duk layin an san ma'auratan nan da ci tare, har ana yi musu tsiya. Ashe ba ta kwano abin ke shiga ba. Martha kuwa ba ta taɓa kaɗaicewa da ƙanenta ba, zuwanta na faɗa ne, ta tafi. Saura mutum ɗaya.

A unguwar Television ya samu Friday, tsohon mai gyaran wuta a wata masana'anta a Kudenda, wanda ya wayi gari likitan jijiya bayan an sallame shi. Lawal ya ajiye wuƙar a gabansa, ya ajiye man kaɗe.

"Yanka min, in ga ta yi ja."

Friday ya yi dariyar yaƙe. "Oga, abeg, ni tausa kawai nake yi."

Lawal ya juye jakarsa. Kwalabe suka gangaro, kowacce da shuɗin ruwa. Sai bakin Friday ya buɗe kamar famfo.

"Jijiya waya ce, Oga! Wace waya ke kai wuta ba jan ƙarfe? Shi ya sa nake ba shi ya sha, taimakonsa nake yi."

"Da gishirin matarsa, daga bayan ɗakinta. Ka dama da wuƙarta, ka mayar mata. Da aka kulle ta kana ina?"

Friday ya sunkuyar da kai. Lawal ya sake jefa masa tambaya.

"Wa ke biyanka?"

"Anti Martha. Na ce mata daga Indiya ake kawowa. Ita ta ce kada madam ta sani, za ta hana."

Lawal ya sa masa ankwa ba tare da ko ɗigon tausayi ba. Wauta ana yafe ta, amma mutumin nan ya ga an tafi da Faith, ya koma gida ya ci tuwonsa.

Da kansa ya buɗe wa Faith ƙofa, ya bayyana mata yadda aka yi. Ta durƙusa ta kama ƙafar wandonsa tana kuka.

"Na gode, Oga. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa min. Ba ni da kowa a garin nan sai shi."

Kunya ta kama Lawal, daɗi kuma ya cika masa ciki. Irin wannan ranar ce ke hana shi ajiye kaki.

A asibiti likita ta tare su da albishir: an fara wanke sinadarin, hantar za ta farfaɗo. Ta ce da Faith ba ta garzayo da shi tun aman farko ba, da labarin ya sha bamban.

Martha na zaune a kujerar da ke gefen gadon. Labari ya riga su zuwa. Ta miƙe, ta ja kujerar zuwa gaban Faith, ita kuma ta zube a ƙasa.

"Da kuɗina na sayo masa mutuwa, na kuma ɗora miki. Ban san da wane baki zan roƙe ki ba."

Faith ta dube ta. Lawal ya ɗauka za ta zazzage mata, kuma da ba zai hana ba. Sai ta share fuska da bakin zane.

"Anti, tashi. Na gode wa Allah da ya bar mana shi. Ki riƙa wanke masa kaya, ni hannuna ya gaji."