Sirrin Zauren Magama

Barira na tankaɗe a tsakar gida Goggo Hajo ta faɗo ko sallama babu.

"Ke ɗiyar nan, Kalilunki na Magama! Kullum la'asar sai ya shiga gidan wata bazawara da kwalbar mai. Yau kwana goma!"

Barira ta ajiye rariya. Dama mahaifinta, Alhaji Bawa, ya ƙi sa musu rana. Cewa yake ana ta ɗaukar samari aikin kwastan suna sayen babur, shi kuwa wannan ya ɓata shekara uku a kudu koyon matsa jikin mutane. Kalilu ya yi bayani har ya gaji: gashin ƙashi ilimi ne, sai an ci jarrabawar kimiyya an san kowace jijiya, kuma sababbin asibitoci rububin irinsu suke. Alhaji ya ce tausa dai tausa ce.

Da Kalilu ya zo zance Barira ta tare shi.

"Wa kake zuwa gani Magama?"

"Majinyaci ne. Na yi alkawarin ba ni faɗin suna, sori."

"Sori? Riƙe abinka!" Ta shige tana kuka.

Kwana uku ta kasa cin abin kirki. A na huɗu ta ja Goggo suka je suka laɓe bayan zauren bazawarar.

"Wayyo! A hankali yaro, kahwaɗar ga ba taka ba ce!"

Muryar Alhaji! Tun da ya faɗo daga motar kaya a hanyar Maraɗi hannunsa ya ƙi ɗaguwa, maɗora sun gaza. Kunyar a ji ya tuɓe riga gaban mai neman 'yarsa ta sa ya ari zauren marigayi amininsa, mijin bazawarar, ya rantsar da Kalilu kada ya faɗa wa kowa yana yi masa gashi. Yaron ya yarda ya rasa Barira da dai ya tona asirin mahaifinta.

Mayafin Goggo ya ture buta. Alhaji ya leƙo yana laluben riga.

"Mi kuke kallo?" Ya ɗaga hannun nan da ya yi wata biyar a sanƙare, ya gyara hula. "Hajo, ki gaya ma mutanen yaron ga su zo a sa rana."

Barira ta rufe fuska, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini, Kalilu."

Zargi ya kusa raba ta da mai amana, haƙurinsa ya dawo masa da ita. Kafin a yanke wa mutum hukunci, a bincika.