Ƙunshin Takabar Anangokwe

"Kawu, in ka ƙara kawo mini wani mashayi ka ce ɗan'uwan mijina ne, ruwa zan watsa muku ku duka biyun."

Ban musa ba, don Anangokwe 'yar ƙanwata tana da gaskiya. Bafaranshen da na jawo mata ranar ko sunan mamacin bai iya riƙewa ba.

Mijinta Toussaint Bafaranshe ne, ɗan fataucin fatu. Ruwa ya ci shi da kwalekwalensa a hanyar birnin Montreal, ya bar ta da goyon 'yarsu Bineshi. Ta yi abin da kowace mace a kabilarmu ta Ojibwe ke yi in mijinta ya mutu: ta naɗe mafi kyawun tufafinta, ta ɗaure da ɗamarar mijin, ta rungumi ƙunshin duk inda za ta. Ba kwalliya, ba aure, sai ranar da dangin miji suka karɓe shi da hannunsu.

To ina dangin? Mutumin nan kwalekwale ne ya kawo mana shi, ba uwa ba.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Giniw kuwa, masoyinta na fari, yana jira. Tun suna yara yake tura mata kwalekwale a tafki lokacin kaɗar shinkafa, har Bafaranshe ya riga shi da tukwanen tagulla da bakin zuma. Yanzu kifi yake ajiyewa a ƙofar bukkarta ya juya. Sau ɗaya na ji ya yi magana, yana kallon ƙasa.

"Sanyin idona... ko furfura za ki yi da ƙunshin nan a hannu, ina nan."

Ta ce ya tafi, kifinsa na wari. Da ya ba da baya ta kifa fuska a kan ƙunshin.

Ni ne tafintan garinmu, wato mutumin da kowane ɓangare ke zargi da ƙarya. Duk ayarin kwalekwalen da ya sauka garin namu La Pointe ina bakin ruwa da tumbina, ina tambayar wa ya san gidan su Toussaint. Faransawa har suna suka sa mini, Mai Neman Dangi. Na aika saƙo da bakin duk mai komawa gabas, ina jin kaina wani gwani.

Saƙon kuwa ya isa. Farkon wata bazara Amable ya sauka, yayan mamacin, hanci ɗaya, tafiya ɗaya. Na kusa taka rawa, gwiwa ce ta hana. Na bi gari ina rantsuwa wannan jininsu ne na gaske. Giniw ya shiga daji neman naman biki.

Aka taru gaban dattawa. Na yi wa Amable bayanin ƙunshi, ya saurara da ladabi, ya ce zai karɓa da hannu biyu. Sannan ya ƙara da cewa mahaifiyarsu ta tsufa, ba ta da abin tunawa da ɗanta sai yarinyar nan. Zai tafi da Bineshi, matan coci su rene ta.

Na so in haɗiye maganar, amma dattawa sun ga inda idonsa ya sauka. Na fassara.

A wurinmu ɗa na dangin uba ne, kuma bakina ne ya gama shaida wa duniya cewa wannan dangin uba ne.

Anangokwe ta dubi Giniw, wanda ke tsaye da barewa a kafaɗa. Ta dubi 'yarta tana wasa da igiyar ƙunshin. Ta daɗe tana kallon fuskar baƙon, fuskar mijinta sak.

"Kawu, gaya masa ban san shi ba. Mijina bai da ɗan'uwa."

"'Yata, kin san abin da kike faɗa? In ba shi ba, babu wani mai zuwa..."

"Na sani. Fassara."

Na fassara, kuma ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar na ranar ba. Amable ya yi faɗa, ya yi roƙo, har hawaye ya yi, don shi ma ba mugu ba ne. Dattawa suka ce mace ta fi kowa sanin gidan mijinta. Ayarinsa ya juya da shi.

Giniw ya sauke barewar a gabanta.

"Ki yar da ƙunshin nan a tafki, mu yi yamma, inda ba wanda ya san mu."

"Ni zan sani," ta ce. "Mamacin ma zai sani. Kuma randa na yar da shi, na amsa ke nan cewa ƙarya na yi, ni na kori mai karɓarsa. Je ka yi aure, abin ƙaunata. Kada ka tsufa a banza kamar kawuna."

Ni dai ban ga dalilin sako ni a ciki ba.

Ya jira damina biyu kafin ya bi masu farauta yamma. Bineshi ta girma, ta yi aure, tana da nata goyon. Ɗamarar ƙunshin ta tsinke, Anangokwe ta sake ɗaure shi da jijiyar barewa.

Har yau in ayari ya sauka ƙafata kan kai ni bakin ruwa. Yaran Faransawa su ce, Mai Neman Dangi, yau wa ake nema? In ce musu iska nake sha.