Katifar Kan Katanga

"Nafisat, ki dube ni. Katifar nan ta wace ce?"

Ta ci gaba da murza bakin mayafinta. Wata tara ke nan Sharhabil yana zuwa zance gidansu a Unguwar Shanu, kullum cikin shadda da ƙamshi. Yau kuwa da kayan aiki ya zo daga shagonsa na tagogi a Rafin Guza, ƙurar alminiyam har a gira.

"Wace katifa kuma?"

"Haba abar ƙaunata... Goggo Mero ta dawo daga bincike!"

Kafin a sa rana, danginsa sun tura ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi, ta binciko halin yarinya. Ita kuwa Goggo Mero ba ta tambayar liman ko mai unguwa. Wajen mai ƙosan bakin lungu ta zauna, inda labari ya fi ƙosai zafi. An yabi Nafisat, an yabi gidansu. Sai dai an ce kullum safiya ita ke fito da jiƙaƙƙiyar katifa ta shanya a kan katanga, kuma da aka tambaye ta, da bakinta ta ce tata ce.

"Goggo ta ce ba za a kawo mata amarya mai fitsarin kwance ba," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ki faɗa min gaskiya, in san abin da zan ce mata."

Gaskiyar tana cikin gida tana guge takalmin makaranta. Aziza ce, ƙanwarta mai shekara goma sha uku, wadda abin ya same ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Ranar da yaran lungu suka ɗora wa wata yarinya mai irin lalurar tabarma a ka, suka bi ta suna kiranta amalala, Aziza ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce in aka sani, ita da makaranta har abada. A ranar Nafisat ta yi mata alkawari, ko Baba ba zai ji ba.

Tana son Sharhabil, so mai hana sukuni. Amma Aziza amana ce.

"Tawa ce," ta ce, hawaye na zubo mata.

Ya tada babur ya tafi, ko sallama babu.

Kwana uku wayarta ba ta yi ƙara ba. Ta yi kuka a bayan gida, ta wanke ido, kuma kowace safiya ta ɗauki katifar nan ta kai katanga, mai ƙosai na leƙe.

Rana ta huɗu da la'asar sai ga shi a zaure da ƙunshi a hammata.

"Kin rame."

"Kai ka ramar da ni!"

"Ki yafe min, zuciyata. Asibiti na yi ta sintiri." Ya warware ƙunshin. Ledar shimfiɗa wa katifa ce, sabuwa dal, da katin asibiti mai sunanta. "Likitar ta ce lalura ce, ba ƙazanta ba, kuma ana warkewa. Ranar Litinin za mu je. Na kuma gaya wa Goggo, ko kogin Kaduna ne ke bi ta ɗakinmu, ke nake so."

Nafisat ta rufe fuska da mayafi, ga dariya ga kuka.

Sai suka ji kofi ya faɗi. Aziza ce a bakin ƙofa, ruwan da ta kawo wa baƙo ya malale a ƙafarta.

"Yaya Sharhabil..." Ta tako cikin zauren. "Ba Yaya Nafi ba ce. Ni ce."

"Aziza, koma ciki!"

"Ba zan koma ba! Ina jin ki kina kuka. Auren naki zai lalace saboda ni!"

Sharhabil ya durƙusa har kansu ya zo daidai.

"Ƙanwata, kin san me ya sa Goggo ta ɗauki zancen katifar nan da zafi? Shekara goma sha biyu ta yi tana shanya tabarmata. Har kwaɗo ta taɓa ɗaura min a ƙugu. Kwaɗon ya wahala, ni na wahala, tabarma kuma ba ta bushe ba."

Aziza ta zaro ido, sai dariya ta kubce mata cikin hawaye.

"Da gaske?"

"Ki rufa min asiri, in rufa miki." Ya zaro biro ya soke sunan Nafisat a katin, ya rubuta na Aziza.

Suka je ranar Litinin. Likitar ta ce Aziza ta riƙa shan ruwa sosai da rana, ta bar shayi da lemo bayan magariba, ta zaga kafin ta kwanta, aka kuma ba ta maganin taurin bayan gida da ya daɗe yana damunta. Sharhabil ya kawo kalanda, duk safiyar da aka tashi a bushe Aziza ta zana tauraro. Wani satin taurari biyu, wani satin biyar. Babu mai yi mata faɗa a kan ranakun da babu.

Goggo Mero kuwa ba wanda ya gaya mata komai. Ta haƙura ne don ɗanta ya kafe.

Ranar buɗar kai a Badarawa, bayan mata sun ragu, Goggo ta matso kusa da amarya. Ta ɗaga zanin gado ta nuna mata ledar da ta shimfiɗa da hannunta.

"'Yar nan, kada ki damu," ta raɗa mata. "Na saba. In ta jiƙe, ta bayan gida za ki shanya, ba a katanga ba."

Nafisat ta ɗago ido. Aziza na tsaye a bayan Goggo cikin ankonta, ta buɗe baki za ta yi magana. Nafisat ta girgiza mata kai a hankali. Sai yarinyar ta ɗaga yatsunta goma, ta dunƙule, ta sake ɗaga tara. Taurari goma sha tara a jere.

Nafisat ta sunkuyar da kai, zuciyarta fal da daɗi.

"To, Goggo," ta ce. "Na gode. Zan kiyaye."