Wutsiyar da Ta Ɓoye Na'urorin Hawa na Uku

Injiniyan kamfanin sayar da intanet ɗin nan ɓarawo ne, kuma rago. Ya kwashe na'urorin rarraba intanet na hawa na uku, ya zuba ido aka kama mai shara, tsohuwar da ko sunan abin ba ta sani ba, don kawai tana riƙe da mabuɗi.

Sufeton 'yan sanda ya bar ta a bayan kanta a caji ofis tana kuka, ya nufi kamfanin.

Manaja ta kai shi gaban wani ƙaton allo mai jerin ɗigo kore. "Kowane ɗigo na'ura ce, Yallaɓai. Da an cire ɗaya zai koma ja."

Sufeto ya sunkuya ya fizge wata waya. Nan take ɗigo ɗaya ya yi ja.

"To, ranar satar wanne ya yi ja, Hajiya?"

"Babu."

Aka kira Injiniya. Ya shigo yana kaɗa mabuɗin mota.

"Yallaɓai, wannan fa ba aikin kulki ba ne."

"Na ji, Malam. Wa ke zaɓar abin da allon nan zai nuna?"

Injiniya ya buɗe wani dogon layin rubutu a kwamfuta, cike da alamun taurari, ɗigo da baka. "Ƙa'idar tacewa ce. Tana duba sunayen na'urori, ta tara na kowane hawa a rukuninsu. Sunan da bai dace da ita ba, allo ba ya nuna shi."

"Rariya ke nan. Wa ya saƙa ta?"

"Ni. Amma tun bara ban taɓa ta ba."

Manaja ta matso. "Wannan wutsiyar ta ƙarshe fa? Ban san ta ba."

"Tana zubar da na'urorin gwaji ne kawai, Hajiya."

"Yanke ta mu gani," in ji Sufeto.

"Komai zai rikice!"

"Ya rikice. Akwai tsohuwar da ta fi shi rikicewa."

Injiniya ya goge wutsiyar. Sai ga na'urorin hawa na uku sun dawo kan allo, an liƙa wa kowace sunan gwaji. Kuma ba ja suka fito ba, kore shar.

"Kayan sata suna aiki?" in ji Sufeto. "A ina?"

Manaja ta duba layin da suke kai. "Shagon ƙanen matar Injiniya ne. Mu muka ja masa waya."

Sufeto ya yi tsaki. "Ka tsaya ka saƙa rariya, amma ka kasa goge ƙwaƙwalwar abin da ka sata. Ka rufe wa allo ido, su kuwa suna can suna gaishe da gida."

"Yallaɓai, aro na ba shi, wallahi zan..."

"Miƙo hannu, Malam."

Kafin la'asar mai shara ta koma wajen jikokinta, ba ta ko kalli ƙofar kamfanin ba. Injiniya ya amsa laifinsa a gaban alƙali. An kore shi daga aiki, an ɗaure shi shekara uku.