Harbi Arba'in a Bayan Ɗakin Kaji

— Wallahi in dai ina numfashi, bakaniken nan ba zai auri ƙanwata ba!

Yaya ne ya faɗi haka a tsakiyar falo, ya doka bindigarsa kan tebur har kofin Baba ya yi tsalle. Auta tana bakin ƙofar kicin, hannunta duk kumfa, tana jin komai.

Abin da ya jawo masifar bai taka kara ya karya ba. Ɓeraye ne suka addabi kajin Baba, sai Yaya ya sayo bindigar iska, irin wadda ake cika wa iska da famfo kafin a yi harbi. Mai shago ya rantse masa tana da regileta, wato ɗan ƙarfen ciki da ke sa kowane harsashi ya fita da ƙarfi ɗaya. Shi kuwa Yaya, Allah ya zuba masa son yabo. Ranar da Dogo, saurayin Auta, ya zo gaida Baba, sai Yaya ya miƙa masa bindigar a gaban abokansa. Gyaran irin waɗannan bindigogi shi ne sana'ar Dogo. Ya jujjuya ta, ya ce cikin ladabi:

— Tana da kyau, Yaya. Amma irin wannan ba ta zuwa da regileta.

Abokai suka sheƙe da dariya. Tun ranar Yaya ya ɗaura masa karan tsana. Mama ma, da ba ta son ɓacin ran ɗan farinta, ta kafa sharaɗi: Dogo ya zo gaban kowa ya ce shi ya yi kuskure, in ba haka ba a bar maganar aure.

Auta ta sami Dogo a shagonsa, yana goge wani famfo, idonta ya yi ja.

— Kalma ɗaya ce fa! Ka ce tana da shi, a wuce wurin. Ko sori ba ka iya ba?

— Haƙuri zan ba shi sau goma in yana so. Amma in ce abin da babu akwai shi? Gobe ya auna ɓera, iska ta ragu, harsashi ya sauka a jikin kaza ko bututun ruwa, wa ya cuce shi?

— Ashe ƙarfe ya fi ni daraja a wurinka!

Ta fice tana kuka. Sati uku ba ta ɗauki wayarsa ba. A gida Yaya yana ta habaici, ko ruwa ta miƙa masa sai ya ce a kai wa gwanin duniya. Tana son Dogo kamar ranta, tana kuma jin haushinsa kamar ta shaƙe shi. Ta rame, ta bar wa Allah.

Ran nan da safe Baba ya aika a kira Dogo, ya tara kowa a bayan ɗakin kaji.

— Kai Dogo, ta yaya ake gane gaskiyar abin nan?

— Baba, na zo da na'urar auna gudun harsashi...

— Na'urarsa! — Yaya ya katse shi. — Ai ya riga ya murɗa ta!

— To a bar na'urar, — in ji Dogo. — A cika ta da iska, a ɗaure ta a kan benci kada ta motsa, a kafa kwali can nesa. Yaya da kansa ya yi harbi arba'in. In da regileta, hudojin za su taru wuri ɗaya. In babu, za su hau sama, su dawo ƙasa.

Yaya ya yi tsaki, ya hau famfo har gumi ya jiƙa masa riga. Auta tana ƙirga a zuci. Goma. Ashirin. Da Yaya ya kai talatin ya fara zagin benci. Da aka cika arba'in Baba ya taka da kansa ya ciro kwalin.

Hudojin sun jeru daga tsakiya zuwa sama, sannan sun gangaro har gindin kwalin, kamar sawun tururuwa. Ko Mama ta gane.

— Kawo ta shago, Yaya, zan sa maka regileta, — in ji Dogo a hankali.

— Allah ya kiyaye! Kuma kada wanda ya neme ni wurin ɗaurin aure!

Ya wuce fuu, ya bugo ƙofa. Baba bai ko waiwaya ba. Ya dubi Auta, wadda hawaye ya wanke wa fuska.

— Ke ma kin matsa masa ya faɗa, ko?

Ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta.

— To ki ji. An sa masa ke a hannu ɗaya, gaskiya a ɗaya, ya yarda ya rasa ki. Wanda ya ƙi yin ƙarya don ya same ki, ba zai yi miki ƙarya don ya riƙe ki ba. — Ya juya ga Dogo. — Ka turo manyanka ranar Asabar.

Haƙurin sati uku ya biya Auta. 'Yan mata, ku daina auna mai sonku da yawan abin da zai faɗa don ya faranta muku. Ku duba abin da ya ƙi faɗa ko da kuna kuka.